Asiransin Tafiya Ga Tsofaffinmu: Ina Araha Take?

Jawabin da ɗaya daga cikin mushen lakwal na garinmu ya yi gaban taron ƙungiya. Mun buga shi don a karanta ma waɗanda ba su samu zuwa ba.

An nemi in yi magana bisa asiransin tafiya, abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce ma inshora. Ni mushen lakwal ne, ba ma'aikacin kamfani ba. Amma takardun nan da Faransanci ake rubuta su, kuma hannunmu suke faɗowa a ce mu karanta. Abin da ke cikinsu shi zan faɗi.

Kowace shekara tsofaffinmu na tashi: wasu Makka, wasu Kwatano ko Abijan ko Kumasi ganin jikoki, kaɗan kuma Turai wurin ɗiyansu. Tsoho kuwa da hawan jininshi da ciwon sukarinshi yake shiga mota. In ciwo ya tashi a ƙasar mutane, kun san abin da ke biyowa: talho cikin dare, a buɗe littafin karo-karo, wani shi saida bijimi, wani shi jinginar da gona. Asiransin tafiya shi ne ka biya kaɗan tun kana gida, kamfani shi ɗauki alkawarin biyan gidan likita, ko maido mara lafiya gida, ko maido gawa in kwana ya ƙare can.

Hanyoyinmu uku ne, kowace da tata doka.

Ta farko, Turai. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Shengen, irin su Faransa da Beljiyam da Jamus da Italiya, ba su ba da bizar ziyara sai da takardar asiransi wadda ke iya biyan aƙalla yuro 30,000. Yuro guda sefa 655.957 ne, ke nan kusan sefa miliyan 20. Ba wannan kuɗɗin za ka biya ba, shi ne nauyin da kamfani ke ɗauka. Dole takardar ta rufe duk kwanakin zama da duk ƙasashen Shengen. A nan ba zaɓi, sai dai neman inda ya fi sauƙi.

Ta biyu, Makka. Tun shekarar 2020 hukumar Saudiyya ta haɗa asiransi cikin kuɗɗin bizar umra, don ciwon gaggawa da haɗari a cikin ƙasarta. Kada a biya abu guda sau biyu. Mai zuwa hajji shi tambayi ajans ɗinshi, ko COHO, hukumar da ke shirya hajji da umra a ƙasarmu, mi ke cikin kuɗɗin kujera, kuma shi nemi a nuna mishi a rubuce. Abin da nike roƙo a nan shi ne a bar ɓarauniyar hanya. A hajjin 2024 zafi ya wuce digiri 51 a Makka, fiye da mutum 1,300 sunka rasu, kuma hukumar Saudiyya ta ce 83 cikin 100 nasu ba su da izinin hajji. Wanda ba shi da izini ba shi da tanti, ba shi da motar ayari. Arahar da ta sa tsoho tafiya ƙasa cikin wannan rana ba araha ba ce.

Ta uku, ƙasashen maƙwabta, inda mafi yawanmu ke zuwa. Nan yawanci ba mai tambayar ka asiransi a iyaka, shi ya sa muke mantawa. Wasu na cewa ai motar na da asiransi. Gaskiya ne, asiransin mota na biyan fasinja in motar ta yi haɗari, don haka a adana tikiti. Amma ba ya biyan shanyewar jiki da ta samu tsoho a ɗakin ɗanshi a Abijan.

To, mi ya sa na tsofaffi ya fi tsada? Kamfani lissafi yake yi: mai shekara 70 ya fi mai shekara 30 kusa da gadon likita. Kamfanoni da yawa na ƙara kuɗɗi daga shekara 65 ko 70, wasu kuma in shekaru sun yi nisa ba su karɓa sam. Shekarun da suke dubawa su ne na cikin fasfo. Iyayenmu da yawa takardarsu cewa ta yi "an haife shi wajen shekara kaza". Abin da anka rubuta a fasfo shi za a sa a takardar asiransi, harafi da harafi, suna da ranar haifuwa duka.

Nan ne shaiɗan ke rada ma mutum: rage shekaru, ko ɓoye ciwo. Iyayena, ku saurara da kyau. Kamfanonin asiransi na Nijar suna ƙarƙashin dokar CIMA, yarjejeniyar da anka sa ma hannu a Yawunde a 1992, wadda ta haɗa ƙasashe 14. Aya ta 18 ta dokar ta ce wanda ya ɓoye gaskiya da gangan, alkawarin ya ɓaci, kuma kuɗɗin da ya biya sun zama na kamfani. Aya ta 13 kuwa ta ce alkawari ba ya fara aiki sai an biya kuɗɗinshi. Ke nan "zan kawo ciko in na dawo" ba ta da wuri, kuma a karɓi resi.

Ga inda araha ta gaskiya take.

Na ɗaya, a sayi kwanakin da za a yi, a ƙara kaɗan saboda jinkirin jirgi ko mota. Mai yin wata guda ba ya buƙatar na wata uku.

Na biyu, a tambayi kamfani uku kafin a biya, waɗanda gwamnati ta ba izini, masu biro da aka sani. Takardar da anka buga a bakin tasha ba ta da mai amsa talho.

Na uku, a yi ma kowannensu tambaya guda huɗu: Har shekara nawa kuke karɓa? In tsohon ciwo ya tashi, kamar hawan jini, kuna biya? Nawa ne kason da mara lafiya ke biya da aljihunshi kafin ku fara? In an hana biza, kuna maido kuɗɗi? Tambaya ta biyu ta fi duka nauyi, don takardu da yawa masu araha ba su biyan ciwon da mutum ya fito da shi daga gida. Araha ba ta ado.

Na huɗu, a bar ƙarin da ba a buƙata, kamar asiransin akwati, a sa kuɗɗin wurin lafiya da maidowa gida.

Na biyar, masu tafiya lokaci guda su je tare su nemi ragi na ayari.

In ciwo ya samu, a kira lambar da ke bisa takardar nan take, tun kafin a shiga kashe kuɗɗi, don kamfanoni da yawa ba su maido abin da anka kashe ba da saninsu ba. Tsoho shi riƙe takardar a jikinshi, ɗanshi na can shi riƙe hotonta, mu ma a bar mana guda. Shi tafi da maganin da zai ishe shi har dawowa, da takardar lokotoro mai sunayen magungunan.

Shawarata ga ƙungiya biyu ce. Mu naɗa mutum uku masu karatun Faransanci, kada tsohon garinmu shi dangwala hannu bisa takardar asiransi sai sun karanta mishi ita da Hausa. Sannan mu keɓe wani abu cikin asusu don cika ma mara ƙarfi kuɗɗin asiransi, shi biya sannu-sannu in ya dawo. Ƴan jikkunan da za mu fidda kafin tafiya ba su kai bijimin da ake saidawa bayan talhon dare ba. Dattawa su duba, abin da sunka yanke shi za mu bi.

Allah shi kai matafiyanmu lafiya, shi maido mana su lafiya.