Jawabi Kan 'Yar Tocilar Leza Da Muke Sayarwa

'Yan'uwa 'yan kasuwar Inkil. 'Yar tocilar nan mai jan ɗigo da muke sarowa, ƙirar ƙasar Sin, mun kwance guda mun duba cikinta. Ƙananan batura uku ne irin na agogo, LR44, kowanne volt 1.5, sai maɓalli, sai ƙwayar leza da ba ta kai ƙwayar gero ba, da ɗan gilashin roba mai tattara hasken wuri guda. Mai rage ƙarfin wutar kuwa resista ɗaya ne tak, shi ya sa hasken wasu ke wuce abin da aka rubuta a jikinsu. To, ita yaranmu ke haska wa juna a ido bayan isha'i, mu kuwa muka sayar masu a kuɗin alewa. Don Allah, daga yau babba kaɗai za mu ba.