Yaro mai ƙiriniya a lakkwal: bulala ko dabara?



Maganar yau ta shafi duk mai ɗa ko ɗiya a lakkwal. A kowane aji akwai yaron da ba ya zama wuri ɗaya. Ya tsokani wannan, ya ƙwace allon wancan, mushe na magana shi ma yana magana. Maganin da aka saba da shi bulala ce, ko durƙuso cikin rana. Wani yaron ya jure. Wani kuwa ya riƙa laɓewa bayan gari har a tashi, daga nan sai a ce ba shi da kan karatu, a maida shi gona, yarinya kuma a ɗora mata talla.

Fiye da shekara 50 ke nan masana ke bin diddigin wannan matsala, mafi yawansu a ƙasar Amurka. Ba a ofis suka zauna ba. Cikin aji suke shiga da agogo da takarda, suna ƙidaya sau nawa yaro ya tashi, sau nawa ya yi surutu, da abin da malami ya yi daga baya.

A shekara ta 1968, wasu masana uku, Madsen da Becker da Thomas, suka gwada abu uku a aji. Da farko aka kafa ma yara dokoki kawai. Halinsu bai sake sosai ba. Sa'an nan aka ce ma malamai su kau da kai daga ƙananan rigingimu, amma su yaba ma duk yaron da suka gani yana aikinsa. Da yabon ya shigo, sai ƙiriniya ta ragu ƙwarai. Dalilin a fili yake. Yaro na son babba ya kula da shi. Idan ba a kiran sunansa sai ran da ya yi ɓarna, to an koya masa hanyar da za a kira sunansa.

A 1969, a jihar Kansas, wata malama mai suna Muriel Saunders ta rasa yadda za ta yi da yaran ajinta na huɗu. Ita da Harriet Barrish da Montrose Wolf suka ƙago wani wasa, ana ce masa wasan kyawun hali. Ga yadda yake. Ana raba aji gida biyu. Ana faɗin doka kaɗan: ba tashi daga mazauni, ba magana sai an ba da izini. Duk wanda ya karya doka, malama ba ta faɗa, sai ta ja ma rukuninsu zane ɗaya a allo, ta ci gaba da darasi. Rukunin da zanensa ya fi kaɗan shi ya ci. Idan duka biyun sun tsare kansu, duka sun ci. Ladan ba kuɗi ba ne: su fara fita cin abinci, ko a ba su lokacin wasa kafin a tashi. Surutu da yawo cikin aji suka faɗi ƙasa warwas. A 1983 an gwada wannan wasa a wata lakkwal ta ƙasar Sudan, nan ma ya yi aiki. Alli da allo kaɗai yake bukata.

Wani zai ce wannan ai shirun yini ɗaya ne. Wani lokotoro mai suna Sheppard Kellam ya nemi sanin haka. Daga 1985 aka sa wasan a azuzuwan farko na birnin Baltimore, wasu azuzuwan kuma aka bar su yadda suke, don a gwada. Minti 10 ake farawa da shi, sau uku a mako, ana ƙarawa sannu sannu. Aka bi yaran har suka kai shekara 19 zuwa 21. Cikin maza, waɗanda suka yi wasan sun fi tsira daga shan ƙwaya da taba da faɗace-faɗace. Mafi rigima tun suna ƙanana su suka fi cin amfanin. Ga mata bambancin bai kai haka ba. Akwai kuma abin lura: a zagaye na biyu, da aka rage bin malamai ana taimaka masu, amfanin ya ragu. Dabara ba ta aiki ita kaɗai, sai malami ya samu mai koya masa da mai leƙo shi.

To, ina labarin yaro mai naƙasa? Nan ne aka fi zalunci ba da sani ba. Yaron da ba ya magana, ko mai jinkirin fahimta, yakan yi kururuwa, ya ciji wani, har ya buga kansa da bango. Mutane su ce iskoki ne, ko taurin kai. A 1982 Brian Iwata da abokan aikinsa suka nuna cewa irin wannan hali yana da dalili. Wani yaron yana yi ne don a zo wurinsa. Wani don a ɗauke masa aikin da ya fi ƙarfinsa. A 1985 Edward Carr da Mark Durand suka ƙara gaba. Suka koya ma yara huɗu masu irin wannan hali gajerar magana ta neman taimako, da ta neman a duba aikinsu. Da yaran suka samu bakin roƙo, sai duka da kururuwa suka ragu. Wanda ba ya iya furtawa ana koya masa alamar hannu ko nuna hoto.

Wannan ya shafi garuruwan Nijar kai tsaye. Sanƙarau yakan bar yaro da kurumta. Yaron ya warke, ya koma aji, mushe ya kira shi bai waiwayo ba, sai a ce raini ne. Kafin a ɗauko bulala, a tsaya bayansa a kira sunansa a hankali. Idan bai ji ba, likita za a kai shi, kuma a maida mazauninsa gaban aji inda zai ga bakin malami. Haka nan mai lumshe ido yana kallon allo.

Daga waɗannan bincike ne masanan jami'ar Oregon, irin su Rob Horner da George Sugai, suka tsara hanya ta lakkwal gaba ɗaya. A 1997 dokar Amurka ta karatun yara masu naƙasa ta ambaci gyaran hali ta hanyar lallami da koyarwa. Tsarin ya yi kama da aikin kiwon lafiya. Lamba ta kowa ce, magani na wasu ne, kwanciya asibiti ta kaɗan ce. Ana zaɓen doka uku zuwa biyar, a koya ma kowa su kamar yadda ake koya lissafi, a aji da filin wasa. Cikin yara 100, kamar 80 wannan ya ishe su. Kamar 15 suna son ƙari: wani babba ya gaisa da yaro da safe, ya tuna masa abin da ake so, da maraice su duba yadda yini ya tafi, a aika ma iyaye. Kamar 5 sai an zauna da iyayensu an nemi dalilin halin kowane ɗaya. Lakkwal fiye da 20.000 sun ɗauki wannan tsari a Amurka.

Masu cewa bulala ke gyara yaro suna da abin da suka gani: ana duka, aji ya yi tsit. Amma a 2011 Victoria Talwar da Kang Lee, masana daga Kanada, sun ba da labarin gwajin da suka yi a lakkwal biyu na Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. Aka hana yara ƴan shekara 3 da 4 leƙen wani abin wasa, aka fita aka bar su. Mafi yawa sun leƙa, a nan da can. Da aka tambaye su, a inda ake duka kusan duk sun yi ƙarya. A ɗayar kuwa, kamar rabi ne. Bulala ba ta hana leƙe ba, ɓoyewa ta koyar.

Barin bulala ba sakaci ba ne, kuma ba sai ƙasar masu kuɗi ba. A gundumar Luwero ta ƙasar Uganda, wata ƙungiya mai suna Raising Voices ta yi aiki wata 18 da malamai da yara da iyaye. Lakkwal 42 aka ɗauka, 21 suka shiga shirin, 21 suka jira. Aka kafa kwamitoci, aka koya ma malamai wasu hanyoyin horo, yara ma aka ba su bakin magana. An buga sakamakon a 2015. A inda ba a yi shirin ba, yara 49 cikin 100 suka ce wani ma'aikacin lakkwal ya buge su a makon da ya wuce. A inda aka yi, 31 ne. Dukan bai ƙare ba, amma ya ragu cikin shekara ɗaya da rabi.

Mushe mai yara 70 ko 80 cikin rumfar zana ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Uba ko uwa da suka koyi karatu a cibiya suna iya leƙawa lakkwal ko ba a kira su ba. Su tambayi dokokin aji, su tambayi abin da yaro ya yi daidai a makon. Idan kwamitin iyayen yara ya zauna, a kawo sunayen yaran da suka daina zuwa, a bi su gida gida a ji dalili.