Jawabi Ga Matasanmu Masu Wasan Kwaikwayo

Mai girma Sarkin Hausawa, malamai, iyaye da 'yan'uwa.

Muna yaba wa matasanmu masu wasan kwaikwayo, amma akwai gyara. In za su nuna mai farfaɗiya, sai ka ga an danne shi, an cusa masa cokali a baki, wasu sun watse wai kada yawunsa ya taɓa su. To, abin da yaro ya gani a dandali, shi zai yi ran da ƙanensa ya faɗi a gida.

Likitoci sun tabbatar ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, cokali kuwa haƙori yake karyawa. Abin yi shi ne a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe. In jijjigar ta wuce minti 5, sai asibiti.

Mu 'yan kasuwa ba ma sayen kaya sai mun kwance ɗauri. Ku ma kafin ku hau dandali, ku tambayi ma'aikatan jinya, ga asibitin UCH nan Ibadan. Ku zauna da masu ciwon ku ji daga bakinsu. Suna cikin 'yan kallo fa, kada mu kunyata su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.