CIWON MAƘOGWARO DA ZUCIYAR YARO
Jawabin malamar lafiya ga iyaye mata a asibitin Nasarawa, Birnin Kebbi

Waɗanda suka zo awo da waɗanda suka kawo goyo allurar riga-kafi, ku matso kusa ku ba ni hankalinku. Yau maganata a kan yayyen jinjirin da ke bayanki take, waɗanda kika baro gida ko makaranta, 'yan shekara 5 zuwa 15.

Idan hunturu ya shigo, ana cunkushewa ɗaki guda saboda sanyi, sai ki ji wannan na tari, wancan na kukan maƙogwaro. Yawancinsa mura ce, za ta wuce da kanta. Amma akwai wani ciwon maƙogwaro da wata ƙwayar cuta ke kawowa, likitoci na kiranta sitireb. Shi farat ɗaya yake zuwa, da zazzaɓi. Yaro ya kasa haɗiye ko da kunu, kaluluwa ta fito masa ƙarƙashin muƙamuƙi, in kin haska bakinsa ki ga ciki ja wur, wani lokaci da ɗigo-ɗigon fari. Galibi ba tari, ba majina. Shi ma yakan lafa cikin 'yan kwanaki ko ba magani, uwa ta ce alhamdu lillahi ya warke. To, a nan ne haɗarin yake.

Bari in gaya muku abin da ke faruwa cikin jiki. Allah ya sanya mana dakaru cikin jini, watau fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta. Dakarun nan ba su da baki, da saƙo suke magana. Wanda ya fara cin karo da cuta sai ya saki waɗansu 'yan sinadarai ƙanana cikin jini, a makarantar koyon jinya an koya mana sunansu saitokin, ni kuwa 'yan aike nake ce musu. Wani ɗan aiken ya tafi ƙwaƙwalwa ya ce a ɗaga zafin jiki, shi ne zazzaɓin da kike ji in kin taɓa goshin yaro. Wani ya buɗe hanyoyin jini na wurin domin dakaru su samu shiga, shi ne kumburi da ja da raɗaɗi. Wani ya yi ta yekuwa yana kiran ƙarin dakaru. Akwai kuma masu zuwa daga baya su ce yaƙi ya ƙare, kowa ya koma gida. Duk wannan alheri ne, da babu shi da ƙaramin ƙurji ma sai ya kashe mutum.

Ita ƙwayar sitireb tana da wata riga a jikinta, rigar nan kuwa ta yi kama da naman zuciyar ɗan Adam da na gaɓoɓinsa. Kun san yadda ake yi in an yi ihun ɓarawo da dare, a ce mai baƙar riga ne: ɓarawo ya tsallake katanga ya tafi, sai ga ɗan gida ya fito da baƙar riga, a rufe shi da duka. Haka yake faruwa ga waɗansu yaran. Bayan mako 2 ko 3 da lafawar maƙogwaro, dakarun jiki su juya kan jikin da suke tsaro, 'yan aike kuma su yi ta kiran ƙari. Wannan shi ne zazzaɓin gaɓoɓi. Ba kowane yaro yake samu ba, kaɗan ne daga ciki, amma ba mu da hanyar sanin wane ne tun da wuri.

Alamarsa ita ce zazzaɓi ya dawo, gwiwa ta kumbura ta yi zafi har yaro ya ƙi a taɓa. Kwana biyu ta saki, ciwon ya koma idon sawu, ko gwiwar hannu, ko wuyan hannu. Ciwo mai yawo ke nan. Mu nan sai mu ce sanyin ƙashi ne, ko amosani, a nemo man shafawa. Wata yarinyar kuma, bayan watanni, sai hannuwanta su riƙa fizga ba da sonta ba, kwano na suɓuce mata, rubutunta ya lalace, ana cewa iska ce ta taɓa ta. Ku yi mata addu'a, wannan ba mai hana ku, amma ku kawo ta a saurari ƙirjinta.

Gaɓoɓi suna warkewa sarai, ba su barin tabo. Zuciya ce ba ta mantuwa. Cikinta akwai ƙyamare huɗu masu buɗewa da rufewa domin jini ya bi hanya ɗaya. In kumburi ya kama ƙyaure, musamman na ɓangaren hagu, yakan warke da tabo, ya ƙanƙance ko ya daina rufuwa daidai. Dakarun jiki kuwa sun riga sun riƙe kamar rigar nan. Duk sa'ad da sitireb ta sake shiga maƙogwaron yaron, yekuwar ta fi ta farko sauri da ƙarfi, ƙyauren ya ƙara lalacewa.

Na taɓa jinyar wata ƙaramar amarya daga wani ƙauye na bakin fadama wajen Argungu, cikin fari, wata bakwai. Ba ta iya kwanciya sai a zaune, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Na tambayi mahaifiyarta, na ce, Inna, tana ƙarama ta yi ciwon gaɓoɓi? Ta ce ƙwarai kuwa, har sau uku, an cire mata beli ma saboda yawan ciwon wuya. Ciki yana ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa, ƙyauren da ya daɗe da lalacewa sai ya kasa. Allah ya taimake ta ta haihu, amma wahalar da ta sha har yau ina tunawa.

Tun da na ambaci beli, bari in faɗa. Wanzamai mutanenmu ne, muna girmama su, amma cire beli ba ya kashe sitireb. Ciwo kawai aka ƙara wa yaro, ga zubar jini, ga tsoron ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi. Haka kuma ƙwayar nan da ake saye a kemis, wadda kuke ce wa sha-ka-fashe. Aikinta ta rufe bakin 'yan aike, kumburi ya sauka, ki ga kamar sauƙi ya samu, alhali ƙwayar cutar na nan zaune. Likita yakan ba da irinta da awo in zuciya ta kumbura ƙwarai, wannan hukuncinsa ne, kada ki yi da kanki. Asfirin ma kada ki ba yaro mai zazzaɓi sai likita ya ce.

Maganin kuwa mai araha ne, tsohon magani, fenisilin. In an tabbata ciwon maƙogwaron na sitireb ne, ko dai allura guda, ko na sha kwana 10 cif. Kwana 10 na ce. Na san ku, kwana uku yaro ya fara cin tuwo sai a ɓoye sauran a kwalla domin ƙanensa. In kin yi haka ba ki gama da ƙwayar ba. In fenisilin ya taɓa sa wa yaro ƙuraje ko kumburin fuska, ki faɗa tun kafin a ba shi, akwai wani madadinsa.

Wanda kuwa zazzaɓin gaɓoɓi ya riga ya kama, za a riƙa yi masa allurar fenisilin mai daɗewa a jiki kowane mako 4, wani ma mako 3, shekara da shekaru: aƙalla shekara 5, da yawa har su kai shekara 21, in zuciya ta taɓu fiye da haka. Allurar da zafi, ba zan ɓoye muku ba, yara na gudunta. Amma a ƙasar Yuganda an gwada ta kan yaran da ciwon ya fara taɓa zuciyarsu a ɓoye, aka bayyana sakamako a 2021: cikin shekara 2, a cikin kowane yaro 100 da ba a yi wa ba wajen 8 ciwonsu ya ci gaba, a cikin waɗanda aka yi wa kuwa bai kai 1 ba. Tun a 2018 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka zartar da a tashi tsaye kan wannan ciwo, domin yana kashe wajen mutum 300,000 kowace shekara, yawancinsu a ƙasashe irin tamu.

In mun ji wani sauti a ƙirjin yaro, za mu rubuta muku takarda zuwa Asibitin Sir Yahaya ko babban asibitin Tarayya da ke nan Birnin Kebbi, mutanen Argungu su fara da babban asibitin garinsu. Likita yakan sa a ɗauki hoton zuciya da na'ura irin ta hoton ciki, ba zafi, ba yanka. Ku gaya wa maigida tun yau domin a tanadi kuɗin mota. In kuwa wuyan yaro ya kumbura ƙwarai, numfashi na yi masa wuya, wannan kada a kwana, yana iya zama mashaƙo irin wanda ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022.

Wadda ke da yaron da ya taɓa ciwon gaɓoɓi mai yawo, ko ita kanta ta yi shi tana ƙarama kuma yanzu tana da ciki, ta tsaya bayan an gama awo, ina nan ɗakin allura.