Yaron da magani ya nakasa tun yana ciki, wa zai ɗauki nauyinsa?



Idan aka haifi yaro da nakasa a unguwanninmu, mukan ce ƙaddara ce, mu yi shiru. Ƙaddara gaskiya ce. Amma wani lokaci magani ne sanadi, kuma hukuma ce ta ba maganin izinin shiga kasuwa.

Daga 1957 zuwa 1961 an sayar wa mata masu ciki a ƙasashe da dama wata ƙwaya mai suna thalidomide, don laulayi da rashin barci. Jarirai sama da 10,000 aka haifa da nakasa, da yawansu da guntayen hannuwa ko ƙafafu. Jamus ta kafa gidauniya mai biyan waɗanda suka rayu kuɗi duk wata. A 2010 gwamnatin Ingila ta ba su haƙuri a gaban majalisa, ta kuma ware musu kuɗin kula da lafiya.

Kada ku ce labarin Turawa ne. Depakine, maganin farfaɗiya da ake sha a ƙasarmu, yana iya lalata ƙashin bayan jariri ko ya taɓa ƙwaƙwalwarsa idan uwa ta sha da ciki. Faransa, wadda shugabanninmu ke zuwa asibitocinta, ta amince da asusun diyya ga irin waɗannan yara tun 2016. Mu fa?

Muna da dokar kare naƙasassu ta 13 ga Afrilu 2010. Sai da aka shekara takwas, a 2018, kafin a fitar da takardar aiwatar da ita. Shekara takwas! Yaron da aka haifa ranar da aka sa mata hannu ya isa aji uku, in ya samu mai goya shi zuwa makaranta. Uwa a Pitoa ko Lagdo ita ke sayar da akuyarta ta biya kuɗin mota da na likita.

Muna neman a ware kuɗi da sunan waɗannan yara a kasafin ƙasa, a ƙirga su, a riƙa biyan iyayensu duk wata a garuruwansu, ba sai sun bi takarda har Yawunde ba. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, ku tambaye shi nawa zai sa.

'Yar'uwa mai shan maganin farfaɗiya, kada ki daina da kanki, faɗuwar ma haɗari ce gare ki da cikin. Ki ga likita tun kafin ki ɗauki ciki, ya duba ko zai canza miki.