Daga Ci-rani Zuwa Jari: Me Ke Sa Wanda Ya Dawo Ya Kafa Sana'arsa?



A ƙasar Adar ta Nijar, daga Tawa zuwa Buza da Keita, da zarar gero ya shiga rumbu sai samari su ɗaure kaya. Kakanninsu Kumasi da Akara suka nufa, su kuwa yau sai Abijan, Legas, Tamanrasset ko Sabha. Abin da zan yi magana a kai shi ne dalilin da ke sa da yawansu, in sun dawo, su zuba abin da suka samo a shago ko injin niƙa ko babur ɗin kabu-kabu.

Dalili na farko, tsoron kora. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, mutane suka karyar da kadarorinsu suka fito. A 2011 yaƙin Libiya ya koro dubun-dubatar 'yan Nijar ta Dirku da Agadas, wasu sun bar haƙƙin guminsu na watanni a hannun iyayen gidansu. Wanda ya ga wannan ya san dukiyar baƙo aro ce.

Na biyu, sana'ar hannu. Yaron da ya tafi yana leburanci yakan dawo ya iya walda ko ɗora tayil. A ƙauye babu kamfanin da zai ɗauke shi, aikin gwamnati kuma sai mai takardar makaranta, dole ya zama ubangidan kansa.

Na uku shi ne nauyin dangi. Ku dubi makon farko na mai dawowa. Ana ta sannu da zuwa, ana jiran tsaraba. Gwaggo na da bashin hatsi, ƙane zai yi aure, rufin ɗakin tsohuwa na yoyo. Ba ya iya cewa babu, don kowa ya san daga inda ya fito. Kuɗin da ke aljihu na kowa ne. Amma in ya zama buhunan shinkafa da katan ɗin sabulu a kan kanta, sai a ce jari ne, kuma mai kunya ba ya roƙon jari. Shago hanya ce ta tsare dukiya ba tare da an ɓata zumunci ba.

Sai dai kuma irin waɗannan sana'o'i sukan mutu. Mutum biyar su buɗe shago iri ɗaya a layi ɗaya, bashi ya cinye kaya, kafin damina biyu mai shagon ya sake hawa mota.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin 'yan ci-rani da ƙananan hukumomi su fara taimako tun mutum yana can: adashi mai tsari, asusun ajiya a gida, da koyar da rubuta shiga da fita. Wanda ya sauka daga mota da tsari a hannu, shi ne jarinsa ke kai labari.