Haske a Kan Ƙwayar Jini: Yadda Ake Gano Cutar Zubar Jini Ta Gado



Akan kawo wa likita yaron da haɓo ba ya barinsa, dasashinsa kullum cikin jini, ranar kaciya kuwa da ƙyar jinin ya tsaya. In aka ƙidaya ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni a jininsa, watau filatilet, sai a tarar sun cika, tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikurolita, daidai da na mai lafiya. Ashe aibin yana cikin aikinsu ne.

Kowace filatilet tana da furotin a bayanta waɗanda take kamu da su. Ɗaya, mai lamba CD42b, shi ke manna ta ga jijiyar da ta tsage. Wasu biyu da ke haɗe, CD41 da CD61, su ke ɗaure ta ga 'yan'uwanta. Rashin waɗannan biyun shi ne cutar da Gilanzman, likitan yara a ƙasar Siwizalan, ya bayyana a 1918. Rashin na farkon kuwa shi ne cutar da Barnar da Suliye suka bayyana a Faransa a 1948. Dukansu gadonsu ake yi daga uwa da uba gaba ɗaya, saboda haka sun fi yawa inda auren zumunta ya yawaita.

To, ta yaya za a ga abin da ido ba ya gani? A 1941 Albat Kuns na Jami'ar Habad ya liƙa rini mai ƙyalli a jikin antibodi, watau sinadarin garkuwar jiki wanda ba ya kama kome sai abu guda da ya dace da shi. A 1975 kuma Kohla da Milstain suka gano a Kembirij hanyar samar da antibodi iri ɗaya tak, mai yawa.

Yau akan gauraya ɗigon jini da irin wannan antibodi, a zuba a na'urar fulo-saitomita. Ƙwayoyin sukan bi siririyar hanya ɗaya bayan ɗaya, dubbai a daƙiƙa guda, su gifta hasken lesa. Wadda antibodin ya kama sai ta yi ƙyalli, kore ko ruwan lemo, na'ura ta auna ƙarfinsa. Wadda ba ta da furotin ɗin sai ta wuce a dushe.

Amfanin wannan ba ƙarami ba ne. Masu cutar Barnar da Suliye filatilet ɗinsu manya ne, ga ƙaranci, har an sha ɗaukar cutar a matsayin wata dabam, aka cire wa wasu saifa a banza. In an tabbatar da cutar tun da wuri, sai a nisantar da mai ita daga asfirin, a kuma yi tanadin ƙarin filatilet kafin kaciya, tiyata ko haihuwa. Ya kamata ɗalibai su ƙware a wannan aiki, masu tsara kasafin asibitoci kuma su tuna da shi.